Yarinya ta kama ɓarawon gwamnati a littafi: gaskiya muke gaya wa yaranmu ko rarrashinsu muke yi?

Malama Asabe:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga iyaye da malamai da ke wannan zaure, har da matasan cikinmu. Ƙagaggun labaran matasa a kan yaran talakawa da cin hanci sun yi yawa yanzu, kuma kusan zubinsu ɗaya ne. Wanda ɗalibaina suka gama (ba zan kira sunansa ba, kada a ce talla nake yi masa) labarin wata yarinya ce 'yar shekara 14. Ƙanenta ya rasu saboda babu magani a asibitin unguwarsu, alhali a takarda an kawo maganin. Tana shara a ofishin babban jami'in da ke kula da kayan, sai ta gano rajista biyu yake ajiyewa, ɗaya ta gaskiya, ɗaya ta nuna wa masu bincike. Ta ɗauke ta gaskiyar ta kai wa 'yar jarida, aka kama shi, aka ɗaure. Ajin ya rabu biyu. Wasu har da tafi, wasu suka ce rainin hankali ne. Wani yaro ya ce, "Malama, a zahiri ita za a ɗaure, ai sata ta yi." Ku me kuka gani?

Ɗan Gwagwarmaya:
Wa alaikumus salam. Malama, a ba yaron nan maki cikakke, ya fi marubucin sanin duniya.

Baban Yasmin:
Ni kafin ma a je ƙarshen labari, tambayata ita ce me ya kai yaro ɗan shekara 12 ko 13 karanta irin wannan? 'Yata ta karanta makamancinsa, ta kwana tana kuka, washegari ta ce ita ba ta ƙara yarda da kowane babba mai kujera. To me aka ƙaru da shi? Yaro na da lokacinsa. Baƙin cikin duniya zai same shi ko ba a saka masa shi a jakar makaranta ba.

Maman Hanif:
Baban Yasmin, Allah ya raya mana Yasmin. Amma kukan nan ni ban ɗauke shi asara ba. Ita a takarda ta karanta, wasu sa'anninta kuwa a jikinsu suke karantawa. Rahoton da UNICEF da Bankin Duniya suka fitar a 2023 ya ce yara miliyan 333 ne ke cikin matsanancin talauci, wato kusan ɗaya cikin kowane yara shida a duniya. Waɗannan babu wanda ya tambaye su ko shekarunsu sun kai su ga abin da suke gani. Idan ɗan shekara 9 zai iya rayuwa a cikinsa, ina ganin 'yar shekara 13 za ta iya karanta shi, muddin akwai babba a kusa da za ta yi wa tambaya.

Baban Yasmin:
Wannan hujjar ana yawan kawo ta, Maman Hanif, amma ba ta zauna mini ba. Don wani yaro yana shan wahala ba shi ya halatta in ɗora wa tawa fargaba ba. Ba na rage masa komai da hakan.

Alƙalamin Dare:
Bari in yi magana a matsayina na wanda ke taɓa rubutu wa matasa. Masu cewa ƙarshen ƙarya ne, ku tuna wa ake rubuta wa. Babban mutum zai iya rufe littafin da azzalumi ya ci riba a ciki, ya girgiza kai ya je ya kwanta, domin ya riga ya ƙulla tunaninsa game da duniya. Matashi kuwa yanzu yake ƙullawa. Idan duk labarin da ka ba shi yana ƙarewa da cewa mai gaskiya ne ke shiga uku, ka koya masa darasi ɗaya tak: ka kama bakinka, in ka samu dama kai ma ka ci. Ai ainihin darasin da masu handama ke so ya koya ke nan. Ni na gwammace a zarge ni da kyautata zato a kan in zama malamin yanke ƙauna.

Kuma ba mu muka fara ba. Marubucin Ingila Charles Dickens da kansa ya yi aikin ƙarfi a masana'antar man goge takalmi a Landan yana ɗan shekara 12, lokacin da aka tsare mahaifinsa saboda bashi. Ya san talauci ciki da bai. Duk da haka a littafinsa Oliver Twist, labarin wani maraya da aka fara bugawa kashi-kashi a 1837, bai bar marayan a titi ba, ya sama masa gida da mai riƙo.

Ɗan Gwagwarmaya:
Madalla da ka kawo shi da kanka. Ta yaya Oliver ya tsira? Ba don an gyara ƙasa ba, sai don an gano cewa asalinsa ɗan masu hali ne. Sauran yaran fa da ya baro a gidan aikin talakawa, inda hukuma ke tara matalauta ta sa su aiki a bakin abinci da makwanci? Gidajen nan da dokar 1834 ta ƙarfafa a Ingila ba a soke tsarinsu a hukumance ba sai 1930. Kusan shekara ɗari bayan littafin. Yaro ɗaya ya tsira a takarda, mai karatu ya share hawaye ya ji daɗi, dubbai suna can. Cutar da irin waɗannan littattafai ke ɗauke da ita ke nan har yau.

Kuma tunda tarihi ake so: Iqbal Masih na Pakistan, yaron da aka jinginar a masaƙar darduma saboda bashin iyaye. Ya kuɓuta, ya yi magana, duniya ta ji shi, har ƙasashen waje ya je. A watan Afrilun 1995 aka harbe shi, yana kimanin shekara 12. Wannan ba ƙagagge ba ne.

Alƙalamin Dare:
Shi ma labarin Iqbal ai bai ƙare ranar da aka harbe shi ba. Wani yaro sa'ansa a Kanada, Craig Kielburger, a jarida ya karanta labarin mutuwarsa, ya tara 'yan ajinsu suka fara fafutuka kan bautar da yara. A 1999 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya mai lamba 182 kan mafi munin nau'o'in aikatau na yara, kuma zuwa 2020 duk ƙasashen da ke cikinta sun rattaba hannu. Ba na cewa yaro ɗaya ne ya jawo wannan. Ina cewa ya danganta da shafin da ka zaɓi ka ajiye alƙalami.

Tsohon Akanta:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku ban ce uffan ba. Ni abin da ke damuna a littattafan nan ba daɗin ƙarshe ba ne, yadda suke zana ɓarnar ne. Kullum mugu ɗaya ne, mai ƙaton ciki da muguwar dariya, da rajista ɗaya ɓoye a durowa. Ka samo rajistar, ka gama da shi. Na yi aikin lissafin kuɗi har na yi ritaya, kuma ina gaya muku ba haka kuɗi ke ɓacewa ba.

Ku ɗauki maganin da ke labarin Malama. Kafin kwali ɗaya ya ɓace, akwai wanda ya rubuta buƙata, da wanda ya amince, da ɗan kwangilar da ya kawo rabi ya rubuta cikakke, da mai sito da ya sa hannu cewa ya karɓa, da mai binciken da ya zo ya ga takardu sun dace da juna ya tafi. Kowa ɗan kaɗan ya gutsura, wani ma bai ci ko sisi ba, tsoron a ɗauke shi daga wurin ne ya sa ya sa hannu. Yawancinsu mutane ne masu fara'a, suna gaisawa da kai, suna zuwa jana'izar yaron da ya rasu. Kuma sau da yawa babu rajista ta biyu. Ta farkon ce ƙaryar, an cike ta da kyau, komai ya daidaita.

Akwai misali sananne daga Yuganda. An bi diddigin kuɗin tallafin da gwamnati ke tura wa makarantun firamare tsakanin 1991 da 1995, aka tarar kashi 13 cikin 100 kacal ke isa makarantun, in an yi matsakaicin lissafi. Sauran ya narke a hanya, a ofisoshin gundumomi. Babu wani dodo guda da za a nuna. Abin da gwamnati ta yi shi ne ta fara buga adadin kuɗin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu, aka kuma umarci makarantu su liƙa nasu a allon sanarwa. Da aka sake bincike a 2001, abin da ke isa ya kai wajen kashi 80. An yi wasu sauye-sauye a tsakani, kamar mayar da firamare kyauta a 1997, don haka ba jarida kaɗai za a yaba wa ba. Amma ku lura da inda gyaran ya fito: iyaye da malamai sun san nawa ne haƙƙinsu.

Ina marubucin da zai rubuta wannan?

Alƙalamin Dare:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na karɓi bayanin, amma a tausaya mana. Wane matashi ne zai kwana bai yi barci ba saboda allon sanarwa? Labari sai da fuska. Dole a tara laifin mutum goma a kan mutum ɗaya, in ba haka ba rahoton mai binciken kuɗi ka rubuta.

Tsohon Akanta:
To ai nan gwanintar take, ɗana. Ka ba mai siton fuska. Ka sa shi kawun yarinyar ne, shi ke biya mata kuɗin makaranta, da kuɗin maganin da ya kashe ƙanenta. Sai mu ga ko za ta kai rajistar.

Maman Hanif:
Tab! Baba, wannan ai ya fi wanda aka buga ɗin. Tsigar jikina har ta tashi.

'Yar Aji Biyar:
Ina wuninku iyayena. Ni ɗaliba ce, shekarata 16, na karanta irin littattafan nan sosai, kuma ina so in ce wani abu in an ba ni dama. Kuna ta magana kan ko za mu iya ɗauka, ko ƙarshen zai ruɗe mu. Wallahi mun san ba haka ake kama manya ba. Ko fim muke kallo mun san jarumi ba zai mutu ba, ba ya hana mu kallo. Ni ba wurin mutuwar ƙanen ne ya fi tsaya mini ba, kuma ba wurin kamun ba. Wurin da ya hana ni sukuni shi ne inda yarinyar ta je wa manya ɗaya bayan ɗaya, malaminta, maƙwabciyarsu, ma'aikaciyar jinya, kowa ya ce mata ta yi haƙuri ta bar wa Allah. Duk sun sani. Shi ne na ce, ashe dalilin da ya sa a littattafan nan kullum yara ne ke yin aikin, saboda manya sun ƙi ne. Baban Yasmin, ka yi haƙuri Baba, amma ina jin ba mai kujera kaɗai Yasmin ke nufi ba.

Ɗan Gwagwarmaya:
To fa. Baban Yasmin, ga saƙo.

Baban Yasmin:
Na ji, 'yata, Allah ya yi miki albarka. Amma ki sani babban da ya ce a yi haƙuri ba lallai matsoraci ba ne. Yana da bakuna a gida da yake ciyarwa. Marubuci na iya sa yarinya ta saci takarda ta tsira, domin shi ke riƙe da alƙalami. Idan tawa ta kwaikwaya, wa zai rubuta mata nata ƙarshen? Wannan ne tsorona, kuma har yanzu babu wanda ya amsa shi.

Anti Larai:
Ni ina aiki da yaran da ke kwana a titi da masu tsince-tsince a bola, kuma akwai ɓangaren da ba a taɓa ba. Su waye ke karanta littattafan nan? Ba yaran da ke cikinsu ba. Yawanci yaran da ke da abin sayen littafi ne, da wutar karatu da dare. Shi ya sa marubuci ke ɓata shafuka yana kwatanta ƙazanta, da wari, da ƙudaje, da tsummokara, domin mai karatun bai taɓa gani ba, abin kallo ne a wurinsa. Na taɓa karanta wa wasu yarana babi ɗaya na irin wannan. Dariya suka yi ta yi. Suka ce yaron labarin kullum cikin baƙin ciki yake, ba ya wasa, ba ya tsokana, ba ya faɗa da abokinsa a kan ƙwallo. Ɗaya ya ce, "Anti, wannan ai ba ya cikinmu, da tuni mun kore shi."

Yaran nan suna da wayo, suna da girman kai, suna da shugabanni da dokoki a tsakaninsu, wasu har adashin junansu suke riƙewa. Wasunsu kuma suna ƙarya suna ɗauke-ɗauke, kamar kowane ɗan Adam da yunwa ta matsa. Littafi sai ya mai da su ko dai waliyyai ko abin tausayi. Cin hancin da suka sani ma ba na miliyoyi ba ne. Shi ne ɗan abin da mai gadi ke karɓa kafin ya bar su su shiga, da wanda ɗan sanda ke ƙwacewa, da sikelin mai saye da aka murɗe. Kullum ne, kuma babu 'yar jaridar da za ta zo saboda shi.

Malama Asabe:
Anti Larai, kin taɓo wani abu. Akwai babin da juji ya zaftare ya binne gidaje, wasu ɗalibai suka ce marubucin ya cika gishiri don ya sa mu kuka.

Anti Larai:
A'a, wannan kam bai ƙara gishiri ba. A watan Yulin 2000 jujin Payatas da ke birnin Quezon a Filifins ya zaftare bayan ruwan sama mai yawa, sama da mutum 200 suka mutu. A watan Maris na 2017 na Koshe a Addis Ababa ya yi haka, ya kashe sama da 100. Ba girman masifar nake ƙorafi a kai ba, Malama. Mutanen da ake sakawa a cikinta ne ba su da rai.

Alƙalamin Dare:
Anti, in na fahimce ki, sai wanda ya tashi a bola ne zai rubuta labarin bola? In haka ne an rufe ƙofar adabi.

Anti Larai:
Ban ce haka ba. Cewa na yi ya je ya zauna da su har sai sun daina ganinsa baƙo, kuma in ya gama ya karanta musu kafin ya kai maɗaba'a. In suka yi dariya a inda ya so a yi kuka, ya koma ya gyara.

Maman Hanif:
Ina so in koma kan tsoron Baban Yasmin, don gaskiya ne ba a amsa ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, sashe na 17, ta nemi ƙasashe su ƙarfafa buga littattafan yara da yaɗa su, kuma a wannan sashen dai ta nemi a kare yaro daga abin da zai cutar da shi. Wato ko su can abu biyun suka riƙe tare. Ni yadda nake yi, ba na hana Hanif karantawa, amma ina karantawa tare da shi, in muka zo inda jaruma ta yi kasada sai in tsaya in tambaye shi: da kai ne, wane babba za ka fara gaya wa? In bai saurare ka ba, sai wa? Me zai iya samunka? Littafin bai koya masa wannan ba, ni ce zan koya masa.

Baban Yasmin:
Wannan ya fi kusa da abin da zan iya ɗauka. Sai dai iyaye nawa ne ke da lokacin, ko ma karatun? Mafi yawan yara su kaɗai za su karanta. Shi ya sa nake ganin nauyin na kan marubuci da makaranta. A ƙalla a rubuta shekarun da suka dace a bango, kuma kada a sa shi dole a ƙananan azuzuwa.

Ɗan Gwagwarmaya:
Ku dai ku yi ta lallaɓawa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya (ILO) da UNICEF sun ce a 2024 yara kusan miliyan 138 ke aikatau, miliyan 54 a cikinsu aiki mai haɗari. Mu kuma muna nan muna muhawarar ko ɗan gata zai iya jure shafi 200.

Tsohon Akanta:
Ka faɗi rabi ka bar rabi, ɗana. Su ɗin dai sun ce miliyan 160 ne a 2020, kuma a 2000 ya haura miliyan 240. Ya yi yawa har yanzu, amma yana sauka, kuma ba da kansa yake sauka ba. Kai ma ka zama kamar marubutan da kake suka, sai dai su suna ɓoye ɗaci, kai kana ɓoye zaƙi.

'Yar Aji Biyar:
Malama, in da ni ce ke, ba zan ce wa ɗaliban su zaɓi ko ƙarshen gaskiya ne ko ƙarya ba. Zan ce kowa ya rubuta babin da ke biye. An ɗaure jami'in, to wa aka naɗa a kujerarsa? Maganin ya fara zuwa? Yarinyar ta rasa aikin shararta, me suke ci a gida? Maƙwabta suna gode mata ne ko suna cewa ta jawo wa unguwa fitina?

Malama Asabe:
Wannan zan yi, 'yata, mako mai zuwa in sha Allah. Zan ƙara da na Baba Akanta: rukuni ɗaya su sake rubuta labarin da kawu a matsayin mai sito. Anti Larai, ko za ki yarda in turo miki abin da suka rubuta ki karanta wa yaranki, mu ji inda za su yi dariya?

Anti Larai:
Turo, Malama. Amma ki cire sunayen ɗaliban tukuna, don nawa ba su iya sassauta suka ba.

Baban Yasmin:
Ni dai ina nan kan bakana game da 'yan ƙasa da 14. Malama, wane aji ne naki?